MAE, RMSE ko ma'aunin jeri: wanne za ka yarda da shi in za ka zaɓi tsarin hasashen asarar bashin da ya maƙale?

Duk wanda yake aiki a sashen bashi, ko a babban banki ne ko a irin ƙananan bankunan nan da suke ba wa 'yan Kwari da 'yan Singa da 'yan Dawanau rance, ya san tun 1 ga Janairun 2018 da IFRS 9, wato ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya kan basussuka, ta fara aiki an daina jiran sai asara ta faɗo sannan a rubuta ta, dole ka yi hasashe ka ware kuɗi tun kafin. Abu uku ake ninkawa: yiwuwar kwastoma ya kasa biya wato PD, da kuɗin da ke kansa ranar da ya kasa wato EAD, sai kuma kason da ba zai taɓa dawowa ba bayan an bi shi an sayar da jingina an biya lauya, shi ne LGD. Na farkon kowa ya iya maganarsa. Na ukun nan ne ake cin kasuwar mutane, dan za ka ga kwansaltan biyu sun kawo tsari biyu, wannan ya ce MAE ɗinsa, wato ma'aunin kuskuren hasashe, ya fi ƙanƙanta, wancan ya ce Gini ɗinsa, wato ma'aunin iya jera basussuka bisa girman asara, ya fi girma, kowa da takardarsa mai launi, Yallaɓai MD kuma ya juyo ya ce toh wanne za mu ɗauka.

Kafin a zo kan ma'aunan sai an san yanda asarar take zama, in ba haka ba duk bayanin zai zama iska. Bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba galibi gida biyu yake rabuwa. Ko dai mutumin ya farfaɗo, ko yayansa ya shiga maganar a zauna a biya, ko a sayar da shago a cire kuɗin, asara ta zama kusan sifiri, ko kuma ya rufe layi ya bar gari, jinginar ta zama babur ɗin da ba a san inda yake ba, asara ta zama kusan ɗari bisa ɗari. Tsakiyar ba kowa sosai. In ka zana shi a Excel za ka ga tudu a hagu, tudu a dama, kwari a tsakiya. Mafi yawan ma'aunan kuskure da aka koya mana a makaranta kuwa an saba da su ne a inda mutane suka taru a tsakiya.

Bari mu yi misali na ƙirƙira mai sauƙi wanda za ka iya yi da kalkuletar waya. Bashi 10 sun maƙale, kowanne naira miliyan 1. Shida an karɓo su cif, huɗu sun tafi gaba ɗaya. Asarar gaskiya miliyan 4, wato kashi 40 cikin 100.

Tsari na farko ya ce kowane bashi asararsa sifiri. Tsari na biyu ya ce kowane bashi asararsa kashi 40. Tsari na uku ya ba shidan nan masu kyau kashi 10, ya ba huɗun da suka ɓace kashi 30.

Toh ɗauki MAE, wanda shi ne kawai ka duba tazarar da ke tsakanin hasashe da abin da ya faru, ka tara, ka raba da yawan basussukan. Na farko ya dace a shida ya kuskure ɗari-ɗari a huɗu, MAE ɗinsa 40. Na biyu ya kuskure da 40 sau shida da 60 sau huɗu, MAE ɗinsa 48. Kaga ke nan a idon MAE tsarin da ya ce kar a ware ko kwabo ya fi wanda ya ce a ware miliyan 4 daidai da asarar. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, haka ma'aunin yake tun asali: MAE yana son duk wanda ya bi na tsakiyar layi in an jera su, wato midiyan, shi kuwa kuɗin da banki zai ware aberej yake bi. In sama da rabin basussukanka ana karɓo su, MAE zai dinga tura ka wajen tsarin da yake rage asara, ka je gaban odita da rami a littafinka. Amfaninsa ɗaya da ba zan ƙi ba, yana da sauƙin bayani, ko ɗan hukumar gudanarwa da bai taɓa zama ajin lissafi ba zai gane in ka ce hasashenmu yana kaucewa da maki kaza. Amma ni dai ban yarda a zaɓi tsari da shi kaɗai ba, ko kusa.

RMSE shi kuma yana ninka kowane kuskure da kansa kafin ya tara, daga ƙarshe a cire sikwaya-rut, sabida haka babban kuskure yana cin tara mai nauyi. A misalinmu na farko ya tashi da kusan 63, na biyu 49, na uku kusan 45. Yanzu lamarin ya koma hankali, wanda ya ce sifiri ya koma ƙarshe. Dalili kuwa RMSE aberej yake so, aberej ɗin kuma shi ne abin da in ka ninka da kuɗi zai ba ka jimlar asara. Dan haka in tsakanin su biyun ne kawai, RMSE ya fi dacewa da aikin ware kuɗi. Matsalarsa biyu. Ɗaya, fayil guda mai datti, misali wanda aka manta ba a shigar da kuɗin gwanjo ba ko kuɗin lauya ya sa asarar ta haura kashi 100, yana iya jan lambar gaba ɗaya. Biyu, lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai, 45 mai kyau ne ko mara kyau? Sai ka kwatanta da tsarin da bai san komai ba sai aberej. Wannan kwatancen shi ne R², a misalinmu na biyun R² ɗinsa sifiri ne tunda shi ne aberej ɗin da kansa, na ukun kuma kusan kashi 16.

Nan mutane suke tsorata, su ce kashi 16 ai faɗuwa ce. A wannan fagen ba faɗuwa ba ce. Akwai binciken da Loterman da abokan aikinsa suka fitar a 2012, sun gwada hanyoyi 24 a kan tarin bayanai shida na manyan bankuna, R² ɗin da suka samu ya tsaya ne tsakanin kashi 4 zuwa 43. Bankunan da suke da ma'aikata da bayanai na shekaru fa ke nan. Dan haka in wani ya kawo maka R² na kashi 85 a kan fayil ɗari uku na reshen Sabon Gari, kar ka tafa masa, ka tambaye shi me ya saka a ciki, mafi yawanci za ka tarar ya saka abin da ba a saninsa sai bayan an gama bin bashin, kamar ko an kai kotu ko nawa aka karɓa a wata shida na farko, ko kuma ya gwada tsarin a kan bayanan da ya koyar da shi da su.

Sai ma'aunan jeri, su Spearman da Kendall da Somers' D, da wanda ake kira gAUC da Babban Bankin Turai ya saka a ƙa'idojin rahoton gwajin tsare-tsare da ya fitar a Fabrairun 2019. Sunayen da yawa amma tambayarsu ɗaya ce: in ka ɗauko bashi biyu, wanda tsarin ya ce zai fi asara shi ne ya fi asarar? Ba ruwansu da ko lambar ta yi daidai. A misalinmu tsari na uku ya ci ɗari bisa ɗari a nan, duk huɗun da suka ɓace ya sa su a sama, na farko da na biyu kuwa ba su da jeri sam tunda kowa lamba ɗaya suka ba shi. Amma lissafa kuɗin da na ukun ya ce a ware: dubu 600 da miliyan 1.2, jimla miliyan 1.8, alhali asarar miliyan 4. Gini mai ƙyalli, rami na miliyan 2.2.

Toh a nan ne nake ganin ainihin zaɓin yake, kuma a nan nake saɓawa da masu cewa a ɗauki na biyu tunda shi ya faɗi jimla daidai. Na ukun kamar sikelin da yake rage awo ne amma ya san buhun da ya fi nauyi, gyaransa a hannu yake. Ninka hasashensa da kusan 2.2, wato abin da za ka samu in ka raba miliyan 4 da miliyan 1.8, shidan su koma kusan kashi 22, huɗun su koma kusan 67, jimla ta dawo miliyan 4, RMSE ya sauko daga 45 zuwa kusan 27. Na biyun kuwa ba abin da za ka ninka shi da shi ya koyi bambanta mai takardar fili a Nassarawa GRA da mai jinginar firji. Kuma ranar da irin basussukanka suka sauya, aka ƙara ba da rance mara jingina ga ma'aikata misali, kashi 40 ɗinsa zai zama tarihi ba tare da ya sani ba. Iya jeri abu ne mai wuyar samu, daidaita jimla abu ne mai sauƙi, in dai ka san kana bukatar yin sa.

In aikin da kake so na sashen karɓo bashi ne, wato wa za a fara bi, wa za a tura wa lauya, wa za a yi wa rangwame a rufe fayil, ma'aunin jeri ya ishe ka. In na ware kuɗi ne ko saka farashin rance, bai isa ba.

Gwajin jimla shi ne mafi sauƙi kuma shi aka fi tsallakewa, wataƙila dan ba shi da suna mai daɗi. Ka ɗauki abin da tsarin ya ce, ka ɗauki abin da ya faru, ka ga bambancin aberej, sannan ka yi gwajin t ka ga ko bambancin ya wuce na sa'a. Kar ka yi shi a dunƙule kawai, ka yi shi rukuni-rukuni, masu fili daban, masu mota da injin daban, masu kaya a sito daban, masu garanto kawai daban, dan sau da yawa tsari yana ƙara wa wasu yana rage wa wasu sai jimlar ta fito kamar komai lafiya. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a kula. Tsarin Basel II na 2004, wato ƙa'idojin duniya kan jarin bankuna, yana son LGD na lokacin matsi, mai ɗan tsauri, shi ya sa gwajin masu sa ido na Turai ɓangare ɗaya yake kallo, ko ka rage. IFRS 9 kuwa cewa ta yi hasashe mara son kai, ba ƙari ba ragi, dan haka wanda ya ƙara kashi 15 wai dan a zauna lafiya shi ma ya kauce, ya danne ribar masu hannun jari ba dalili. Mu a nan tunda IFRS 9 ce take tura mu, ɓangare biyu za a duba.

Raunin gwajin t a Kano na fili ne. Yana ɗauka cewa kowane bashi zaman kansa yake, alhali gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 abu ɗaya ne ya taɓa mutane da yawa lokaci guda, kayan da aka jingina da kasuwancin da zai biya bashin duk suka tafi tare. Fayil hamsin daga irin wannan ba shaida hamsin ba ne, kusan shaida ɗaya ce. In shekarar gwajinka ta faɗa kan irin wannan, tsari mai kyau zai faɗi, in ba ta faɗa ba, tsarin da bai san da haɗarin ba zai ci.

Sannan duk waɗannan ma'aunan ana iya yin su ta kai, wato kowane bashi a ƙirga shi ɗaya, ko ta kuɗi, wato a ba kowanne nauyin kuɗin da ke kansa. A ce kana da bashi tara na dubu 200 na masu adaidaita da masu kanti, da ɗaya na miliyan 50 na mai fitar da riɗi daga Dawanau. Tsarin ya dace a taran ya kauce da maki 30 a babban, ta kai kuskurensa maki 3 ne kacal, ta kuɗi kuwa miliyan 15 ne, alhali taran gaba ɗayansu miliyan 1.8 ne. Ka nemi a ba ka duka biyun. Akwai ma'aunin da ake kira LCR da aka gina shi a kan wannan, yana duba kason nairar asara da tsarin ya kama a sahun farko na jerinsa, yana da kyau ga masu karɓo bashi, sai dai bashi biyu ko uku manya suna iya juya shi yanda suka so, dan haka in fayilolinka kaɗan ne kar ka rantse da shi.

Yanzu abin da ya fi duk zaɓin ma'auni muhimmanci, wallahi ko da za ka manta sauran: a kan wane bayani aka yi gwajin, kuma ita asarar gaskiyar da ake kwatantawa da ita yaya aka lissafa ta?

Raba bayanai da ka, a ce kashi 70 na koyarwa 30 na gwaji, yana nuna maka ko tsarin ya haddace ne ko ya gane, amma bai nuna maka gobe ba, tunda duka ɓangarorin sun rayu a shekaru ɗaya. Gwaji na shekarun gaba shi ne na gaske, ka koyar da shi da basussukan da suka maƙale har zuwa wata shekara, ka gwada shi da na bayanta. A Najeriya wannan ba ado ba ne. Daga 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI na CBN ya ba da damar cire kuɗin mai bashi daga asusunsa na wasu bankuna ta hanyar BVN, kaga karɓo bashin mai albashi kafin lokacin da bayansa ba abu ɗaya ba ne. Dokar jinginar kadarori masu motsi ta 2017 ta sauya matsayin wanda ya yi rajistar injin ko mota. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, motar da aka jingina kafin nan in aka yi gwanjonta bayan nan sai ta rufe bashin har da canji, tsarin da ya ce za a yi asarar kashi 50 sai ya fito kamar matsoraci alhali faɗuwar naira ce ta rufa wa bankin asiri, ba abin da za ka dogara da shi ya maimaitu ba. Hatsi ma haka, ya yi tashin gwauron zabi a 2024 ya sauko a 2025, wanda ya karɓi masara a sito a matsayin jingina ya ga fuska biyun duka. Tsarin da RMSE ɗinsa ya ɗan fi muni amma bai yi rawa sosai daga shekara zuwa shekara ba, ni shi zan ɗauka a kan wanda ya yi fice a shekara ɗaya.

Batun lokaci kuma, mutane da yawa suna rubuta asara sifiri in an karɓo duka kuɗin, ko da bayan shekara uku ne. IFRS 9 ta ce a dawo da kuɗin zuwa darajarsa ta ranar lissafi da ainihin kuɗin ruwan rancen. Miliyan 10 da aka karɓo bayan shekara 3 a kan kashi 25 darajarsa miliyan 5.12 ce, asarar kusan kashi 49 ke nan tun kafin a cire na lauya da na dillali. Ƙimar ruwan CBN ta kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024, dan haka 25 ɗin nan ba zuzutawa ba ce. Jinginar fili ita ta fi shiga wannan, takarda mai ƙarfi ce amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna, in ba a kammala wannan tun farko ba ko magada suka shigar da ƙara, sai dai haƙuri. Bankunan da ba sa ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a nan Kano, su ma lokaci yana cin su, kuɗin murabaha, wato kayan da banki ya saya ya sayar wa kwastoma bashi da riba, da ya kwanta shekara uku bai juya ba. In tsari ɗaya an gwada shi da asarar da aka yi wa wannan ragin ɗayan kuma ba a yi ba, lambobinsu ba sa kwatantuwa, ko wane ma'auni ka ɗauko.

Game da irin tsarin kansa ba zan daɗe ba. Teburin aberej na rukuni-rukuni, irin jingina da tsawon lokacin da bashin ya yi a maƙale, shi ne abin da ƙaramin banki mai fayil 'yan ɗaruruwa ya kamata ya fara da shi, kuma shi ne ma'aunin da duk wani tsari mai tsada zai doke kafin a biya kuɗinsa. Tsari mai hawa biyu, wanda zai fara hasashen ko bashin zai farfaɗo sannan ya yi hasashen asarar wanda bai farfaɗo ba, ya fi dacewa da tudu biyun nan kuma odita zai iya bin sa. Na koyon inji, su bishiyoyi da sauransu, a binciken 2012 ɗin nan irin waɗanda ba sa bin miƙaƙƙen layi sun fi na gargajiya, amma da dubban fayiloli aka yi, Basel ma shekara 5 ta ce mafi ƙaranci na bayanan ƙananan basussuka, 7 na kamfanoni. Da fayil 300 abin da zai yi shi ne hadda.

In ni ne a kujerar, zan fara cire duk wanda bai doke tebur a RMSE na shekarun gaba ba, ta kai da ta kuɗi. Cikin waɗanda suka rage in ɗauki mai jeri mafi kyau, in gyara masa jimla rukuni-rukuni, MAE kuma in bar shi a shafin ƙarshe na rahoto dan masu son ganinsa.

Sai tambayar da za ka yi wa kwansaltan kafin ya buɗe laftof: fayilolin da ba a rufe ba, ina ya kai su? Yawanci ana zubar da su ne a ce ba a san ƙarshensu ba. Amma waɗanda ake rufewa da wuri su ne masu sauƙi, wanda ya biya a wata huɗu, masu wuyar suna nan a kotu ko a durowar manajan reshe. In ka gwada tsari da rufaffu kaɗai, musamman na shekara biyun nan na baya, asarar gaskiyar za ta fito ƙasa da yanda take, tsarin da yake rage asara ya ci gwaji, mai faɗin gaskiya ya faɗi. Hanyar da ake bi ita ce a sa iyaka, a duba tarihin bankin a ga bayan wata nawa ne kuɗi yake daina shigowa, duk fayil ɗin da ya wuce wannan a ɗauke shi a rufe da abin da aka samu, waɗanda ba su kai ba kuma a yi musu ƙiyasin sauran a nuna sakamakon da su da kuma ba su. Ka ce ya kawo maka teburan biyu gefe da gefe, da yawan fayilolin da ya cire da jimlar kuɗin da ke kansu.